Kwalin Jabir a Jakar Malam Auwal

Wallahi kusan duk sati sai wani ya shigo min waya da magana ɗaya: "Sadik, wannan aikin naka ai wasa ne, ka koya min a weekend ɗaya mana." Wani ma cewa yake, "Ba bindigar roba ba ce? Ka yi oda a intanet, a kawo, ka sayar, shi ke nan." To yau bari in zauna in yi bayani sau ɗaya kowa ya karanta, don na gaji da aika voice note.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sadik, a Erdington nake zaune da Ummata, nan Birmingham. A Kano aka haife ni, ina shekara goma sha ɗaya muka zo. Aikina gyaran bindigogin airsoft. Airsoft wasa ne na manya, a daji ake yi ko a cikin tsohon sito. A kasu gida biyu, kowa ya sa tabarau na kare ido, a yi ta harbin juna da 'yan ƙwallayen roba da ba su kai ƙwayar masara ba. In ta same ka sai ka ɗaga hannu ka fita, babu alƙali sai gaskiyarka. Bindigar kuma batir ne ke tuƙa ta. Matsalar ɗaya ce: in baƙa ce, daga taku goma ba ka bambance ta da ta soja. Nan doka ta shigo, kuma nan rabin aikina yake.

Babu wanda ya koya min, bidiyo na dinga kallo. Aikina na farko a kan teburin kicin na yi shi, wata tsohuwar bindiga ce na saya a hannun wani, tana ƙara kamar injin markaɗe amma ba ta fitar da komai. Na kwance ta har na kai ga giyabos, wato akwatin ƙarfen da ke cikinta mai ɗauke da giyoyi uku da fistin da sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke ba ta ƙarfin harbi. A bidiyon mutumin ya ce ka danne sifirin da sukundireba kafin ka buɗe. Ni na wuce wannan wurin don sauri. Ina buɗewa sai ji na yi fau! Komai ya tashi sama. Wani ɗan ƙarfe ƙarami mai hana giya komawa baya ya ɓace, na neme shi har ƙarƙashin firij.

Sai da muka zauna cin tuwo Umma ta tsamo shi a miyar kuka da cokali.

"Kai Sadiku, wannan kuma daddawar wace ƙasa ce?"

Daga ranar ta kore ni zuwa shed, wato ɗan ɗakin ajiya na bayan gida, kuma har yau a nan nake aiki. Kayan aikina ba su da yawa: alanki ƙanana, sukundireba, abin soda na wayoyi, giris, da wata 'yar roba cike da siraran zoben ƙarfe da ake sa wa giyoyi don su zauna daidai. Waɗannan zoben, wani bai kai kaurin takarda ba. Ka ƙara ɗaya giya ta ƙi juyawa, ka rage ɗaya ta cinye haƙoranta. Da kunne ake gane an dace. Na ɓata giyoyi sun fi a ƙirga kafin kunnena ya buɗe.

Wanda ya ba ni dama wani dattijon Bature ne, Terry, mai filin wasa a daji can bayan gari. Yana da bindigogin haya kusan duk sun gaji. Ya ce in dinga gyara masa su, ni kuma in dinga wasa kyauta. Bai iya cewa Sadik ba, Sid yake ce min. Ranar farko da na je, bai tambaye ni ko na iya kwance giyabos ba. Wani ɗan akwati ya ajiye min a gaba mai rami a tsakiya, sunansa kurono. Ka harba ta cikin ramin, ya nuna maka gudun ƙwallon. Ya ce, "Sid, duk abin da za ka koya a nan, wannan ne babba. Sauran duk kanikanci ne."

Ga dalili. A ƙasar nan, bindigar da ke feshi, wato in ka danne kunama ta yi ta zuba ba tsayawa, ƙarfinta ba zai wuce jul ɗaya da ɗigo uku ba, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin harbi. Da ƙwallon da muka saba awo da shi, wajen ƙafa ɗari uku da saba'in da biyar ke nan a daƙiƙa. Mai harbi ɗaya-ɗaya an ba ta har jul biyu da rabi. In mai feshi ta haye wannan layin, a idon doka ta daina zama abin wasa, ta shiga sahun makaman da aka haramta, waɗanda ake ɗaure mutum shekaru a kansu. Bindiga ɗaya ce fa, roba ɗaya, sifirin kawai ya bambanta. Shi ya sa in kwastoma ya ce min, "Sadik, ƙara mata wuta," sai in ce masa ya je ya sha shayi. A filin Terry ma ɗari uku da hamsin ne iyaka.

Doka ta biyu ta kala ce. In ka kai shekara goma sha takwas, za ka iya sayen wadda aka fente fiye da rabin jikinta da kala mai ɗaukar ido, ruwan lemo ko shuɗi ko kore shar. Two-tone ake ce mata. Amma baƙa, mai kama da ta gaske, ba a sayar maka, ba ka shigo da ita ƙasa, ba ka kuma fente mai kala ta koma baƙa, sai kana da hujja. Hujjar yawancinmu ita ce kai ɗan wasa ne a filin da ke da inshora. Masu shaguna suka tsara yadda za a gane: ka yi wasa uku a fili ɗaya, tsakanin na farko da na uku a sami wata biyu, sai a yi maka rajista a ba ka lamba. Duk shekara ake sabunta ta.

Wannan lambar ta taɓa ba ni wuya, a shekarar korona. Filaye duk a rufe, babu mai wasa, babu mai ɓata bindiga, babu mai kawo gyara. Na koma canza gilashin waya a wani shago a High Street. Da aka fara buɗewa sai na yi odar wata daga Hong Kong, baƙa, na manta ban ce wa shagon su rubuta lambata a jikin kwalin ba. Maimakon kaya sai wasiƙa ta zo daga kwastam: mun riƙe, kawo hujja. Na duba, ashe lambar tawa ma ta mutu tun watannin kulle. Sai da Terry ya sabunta min rajista, ya rubuta min takarda, na aika, na yi makonni ina jira kafin su sake ta. Da ban da hujja, da sun lalata ta, kuma ba lallai a tsaya nan ba. Tun daga nan na haddace dokar kamar karatun allo.

Amma haddacewa daban, faɗa wa mutane a kan lokaci daban. Wannan Jabir ne ya koya min.

Jabir ɗan Kano ne, yana masters a Manchester, a Fallowfield yake zaune a wani gida su biyar. A wani taron cin abincin sallah muka haɗu, na nuna masa bidiyon wasa, ya haukace. Ya fara shigo coach, wato bas mai dogon zango, zuwa Birmingham ranar Asabar. Ya yi wasa na farko da bindigar haya, ya yi na biyu, sai ya ce shi fa tasa yake so. Na ce ya sayi mai ruwan lemo, yau ma za a ba shi.

"Haba Injiniya! In shigo daji da abu kamar rigar masu kwashe sharar council? Tun daga Coventry za a hango ni."

"To ka jira wata biyunka ya cika."

"Wacce ce mai kyau dai? Nuna min kawai in gani."

Nan na yi kuskurena. Ni in aka taɓo maganar nan ba na iya yin shiru. Na buɗe waya na nuna masa wata, na yi ta zuba: giyoyinta na ƙarfe ne, motarta kaza, kuma a Amurka kusan rabin kuɗin nan ce. Na faɗi wannan don in nuna na san kasuwa. Ban ƙara da cewa ta Amurka ba irin tamu ba ce. Su can ɗan bakin kawai ake shafa wa ruwan lemo, sauran jiki baƙi ƙirin, kuma da yawa sifirinsu ya fi namu ƙarfi. Na ɗauka hira muke.

Ranar wasansa na uku ya zo da fara'a har kunne. Mun fito hutun rana, mun yi azahar a bayan kwantenar da Terry ke ajiye kaya, muna cin sandwich, sai ya miƙo min waya.

"Injiniya, share min tebur ranar Talata. Amarya na hanya."

Hoton kwali ne. Ita ce wadda na nuna masa. Na ja hoton na ƙara girmansa, a gefe an rubuta gudu: ƙafa ɗari huɗu. Ga maɓallin feshi a jikinta. Baƙa, sai ɗan bakin lemo.

"Wane shago ne ya yarda ya turo maka wannan ba lamba?"

"Wa ya ce maka shago? Saƙo ne. Malam Auwal zai taho min da ita."

Na ajiye sandwich ɗin.

Duk Bahaushen Manchester ya san Malam Auwal. Malamin jami'a ne daga gida, gwamnati ta turo shi PhD a kan harkar ruwan sha, yana zaune a Withington da matarsa da 'ya'ya uku. Shi ke ɗauko sababbin ɗalibai a filin jirgi, shi ke nuna musu yadda ake rajistar GP, wato likitan unguwa, shi ke jan sallah in liman bai zo ba. Shekara huɗu yana wannan karatun, saura wata huɗu ya kare shi a gaban malamai. Ya je taro a Houston, kuma Jabir ne ya haɗa shi da Nura, yayan Jabir ɗin da ke aikin asibiti a can, ya sauka a gidansa sati guda. To mutumin da ya ci abincin gidanku sati guda, ka ce ya riƙo maka saƙo, zai ce a'a?

Kuma kun san yadda saƙo yake a wurinmu. A naɗe shi da baƙar leda, a zagaye da salatif har sai ya zama kamar dutse, a rubuta suna da lambar waya. Mai ɗauka ba ya buɗewa, ba ya ma tambaya sosai, don tambaya kamar zargi ce. A filin jirgi in an ce, kai ka haɗa jakarka, wani ya ba ka wani abu? Kowa cewa yake ni na haɗa. Ba don ƙarya ba, mu a wurinmu saƙo ba "wani abu" ba ne.

"Me ka ce masa ne a ciki?"

"Kayan wasa. Ai ba ƙarya na yi ba."

"Ta shiga jaka a haka?"

"Yaya Nura ya raba ta biyu, ya naɗe da tawul, ya yanke kwalin daidai jaka."

"Yaushe zai taso?"

"Yau. Gobe da safe yana Manchester."

Na kira Terry na nuna masa hoton, na fassara masa abin da Jabir ya ce. Ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce da Jabir, "Bari in ga ko na gane. Bindiga baƙa, mai feshi, ta wuce ƙarfi, an raba ta biyu an ɓoye a tawul, a jakar mutumin da bai taɓa wasa ba, wanda zai ce shi ya haɗa jakar, sannan ya ce bai san me ke ciki ba." Ya mai da hular. "Ɗana, ko ni ne kwastam ba zan yarda da shi ba."

Jabir ya fara kame-kame. "Ai yau nake cika wasa uku, lambata za ta fito."

"Lambarka taka ce, ba ta Malam ba. Shi ke shigo da ita. Kuma ko lamba goma gare ka, ɗari huɗu mai feshi ba ta shigowa."

"To ai ba kowa ake tsayarwa ba. Allah zai rufa asiri."

"In bai rufa ta nan ba fa? Bizar ɗalibi gare shi, Jabir. Shi da Anti matarsa da yara duk a kanta suke. In aka rubuta masa makami a fayil, wace jami'a, wace gwamnati za ta tsaya sauraron labarin tawul?"

Ya kira Nura sau uku, waya a kashe, yana bakin aiki. Na duba agogo, ɗaya da rabi a nan, bakwai da rabi na safe a can. Jabir ya ce Malam ya faɗa masa ƙarfe goma sha ɗaya zai bar gidan. Na ce to kira shi.

"Wallahi ba zan iya ba. Da wane baki? Mutumin da ya ɗauko ni a airport da motarsa?"

"Gara ka ji kunya yau da ka je gaishe shi a inda ake tsare mutane."

Ya riƙe wayar kamar garwashi. Na karɓe na danna kiran bidiyo da kaina. Ta yi ƙara har na fara cire rai, sai ga fuskar Malam, da farar hula da kofin shayi.

"A'a, Jabiru! Kai da wa nake gani? Sadik na Birmingham? Yaya Hajiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ina kwana, ya hanya, ya taro?"

"Alhamdu lillahi. Ga ni na gama haɗa kaya, kilo ashirin da uku cif, ko allura ba ta ƙara shiga."

"Malam, dama a kan kayan ne. Don Allah saƙon Jabir, a fitar da shi a buɗe."

Ya yi dariya. "Ni ba na buɗe amanar mutane, Sadik. Shekara nawa ina ɗaukar saƙo, ban taɓa ba. In wani abu ya fashe ne ku yi haƙuri, yadda aka ba ni haka zan kawo."

"Ba fashewa ba ce, Malam."

"To mai kaya ya yi magana mana. Ga shi nan a gefenka yana kallon ƙasa kamar an kama shi da satar nama."

Na taka ƙafar Jabir. Ya matso kusa da wayar.

"Malam, ka buɗe. Ni na ce."

Ya jingina wayar da wani abu, muna ganinsa ya durƙusa ya zuge jakar, ya ɗaga riguna, ya ciro kwalin. Ya nemo wuƙar kicin. Salatif ɗin Nura kuwa kamar na gasa, ya fi minti biyar yana yanka yana cewa, "Wannan ko zinare ne sai haka." Ya zare tawul na farko. Rabin gaba ne, dogon baki da wurin riƙewa. Ya tsaya. Ya zare na biyu, ga kunama ga gindi.

Ya ajiye su a kan kafet a hankali, ya ja baya ya zauna a ƙasa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jabiru. Ka ce min kayan wasa."

"Wallahi Malam ta wasa ce, roba take harbawa…"

"Ni na ɗauka ƙwallo ce da takalma. Sadik, kai ne masanin abin. Faɗa min gaskiya ba kwana-kwana. Da na sauka da wannan, me zai faru?"

Na ce masa ni ba lauya ba ne, amma ga abin da na sani. Na yi masa bayanin kala, na yi masa bayanin ƙarfi, na ce mafi sauƙi su ƙwace su rubuta sunansa, mafi muni su auna ta su ga ta haye layi, daga nan kuma maganar 'yan sanda ce da kotu. Na ce ko a can ma na'urar filin jirgi za ta iya ganinta kafin ya tashi. Yana ji yana gyaɗa kai kamar yana sauraron ɗalibi.

"In na cire batirin fa? Ko in bar rabi in kawo rabi?" Jabir ne ya sako baki.

Malam ya kalle shi ta cikin waya. "Jabiru, rufe min baki." Sannan ya ce da ni, "Ko tawul ɗin ba zan ɗauko ba."

Ya tura su ƙarƙashin kujerar Nura. Mun ɗauka an gama, sai muka ga ya sake jawo jakar. Akwai saƙo huɗu a ciki na wasu mutane. Ya ɗauki wuƙar ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗewa yana nuna wa kyamara kamar mu ne shaidu: magungunan ƙarin jini na wata baiwar Allah, takalman yara, turare, wata waya a kwalinta. Ya ce, "Shekara ashirin ina kunyar tambaya. Yau kunya ta ƙare." Ya yi mana sallama ya kashe.

Jabir bai koma wasan yamma ba, ya zauna a kan benci har aka tashi. Terry dai ya sa masa hannu a takarda, ya ce ya yi rabin yini, ya kuma koyi abin da ya fi na yini guda. A hanyar tasha na ce masa laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, ni na buɗe baki na faɗi farashi ban faɗi doka ba. Ya ce, "Ai kuwa da ka yi shiru da duk ba a yi haka ba." Na ce kada ya saba.

Washegari da hantsi Malam ya kira ni daga tasi. Ya ce jirgi ya sauka lafiya, kuma a ƙofar fita wata ma'aikaciya ta ce ya zo gefe, ta buɗe jakar ta duba har ƙasa. Ta tambaye shi ko ya san duk abin da ke ciki. Ya ce, "Sadik, karo na farko a rayuwata na ce e, kuma da gaske nake." Sai ya ce in rubuta masa dokar da Hausa, gajere, zai sa a group ɗin 'yan Manchester. Na rubuta, ya gyara min rubutu wuri shida, ya tura.

Bindigar tana Houston har yau. Nura ya sayar ko ya ajiye, ban tambaya ba. Jabir ya sami lambarsa, ya sayi wata a wani shago a nan, na auna ta a gabansa, ɗari uku da talatin. Yanzu duk wanda ya kawo min gyara, kafin in taɓa alanki tambaya biyu nake yi: daga ina ta zo, wa ya kawo ta? Sannan kurono. In ta haye, ba ta fita daga shed ɗina sai na canza sifirin, ko mai ita ya ji haushi. In kuma za ka zo da ita, a cikin jaka a rufe, ba a hannu a bas ba, don fito da ita a titi ba dalili shi ma laifi ne mai zaman kansa. Wannan ne aikin da kuke cewa a koya muku a weekend.

Malam ya kare karatunsa, ya zama Dakta. Da zai koma gida aka yi masa walima a flat ɗinsa a Withington, kuma kun san mai tafiya Kano, kowa ya zo da ɗan ƙullinsa. Umma ma ta ba ni nata da za a kai wa yayarta a Gwammaja, ta naɗe shi da salatif har ba a ganin ledar. Na shiga coach da shi a cinya.

Na tarar da Dakta a tsakiyar falo a kan darduma, jakunkuna a buɗe, almakashi a gabansa, mutane sun yi layi. Kowa ya zo sai ya buɗe nasa da hannunsa. Wata Hajiya tana ta mita, wai ita a garinsu ba a yi mata haka. Jabir na gefe yana zuba wa mutane zoɓo, bai ɗaga kai ba.

Da layi ya zo kaina na ce, "Dakta, wannan fa na Umma ne."

Ya miƙo min almakashin. "Injiniya, kai ka kawo dokar. Bisimilla."

Na yanka. Ganyen shayi ne kwali uku, biskit, man shafawa na ciwon gwiwa, da safa. Ina cikin jera su sai ga kiran Umma, wai ko na isa. Na ce na isa, ga shi ma ana duba saƙon.

"Ana me? Nawa? Ba ni Auwalun!"

Na miƙa masa. Ya saurara ya saurara, yana ta "Na'am Hajiya, haka ne Hajiya, Allah ya huci zuciyarki." Da ta sauke numfashi sai ya ce, "Hajiya, ai ba ke nake tsoro ba. Ɗan naki da ya ɗauko ne, na san sana'arsa."